Wa Ya Ba Shi Izinin Ba Ki Bashi?

Allah ya ƙara mana haƙuri da zaman yau, ya kawo mana ƙarshen rashin tsaron da ya addabi yankinmu, amin.

A watan jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar tarbiyyar 'yan mata, to amma ku gafarce ni, domin wani abu ya faru a makarantarmu nan Duza wanda na ga bai kamata in bar shi ya wuce ba tare da mun ɗauki darasi a cikinsa ba.

Wata ranar Laraba da yamma muna cikin darasi a ajin matan aure, sai saƙo ya shigo wayata. Ban duba ba sai da muka yi addu'ar tashi. Ina buɗewa sai ga hoton ɗaya daga cikin ɗalibaina, uwar 'ya'ya biyar, wadda a lokacin ma tana bakin ƙofa tana neman takalminta. An rubuta a ƙasan hoton da Turanci cewa ɓarauniya ce, ta gudu da kuɗin kamfani, kuma wai ni ce na tsaya mata, saboda haka in biya ko ni ma a watsa nawa hoton.

Na ja ta gefe na nuna mata. Sai ta zube ƙasa ta ce: "Malama, har ke anka tura ma? Wallahi tun shekaranjiya ban runtsa ba. Sun tura ma uwar mijina, sun tura ma abokiyar zamana, sun tura har gidan da ka neman ɗiyata da aure."

Labarin gajere ne. Yaronta na goye ya kwanta, aka ce sai an ƙara masa jini, shi kuwa maigidan ba shi da ko sisi, domin damina biyu ke nan bai iya zuwa gonarsa ta daji ba. Sai wani ƙanensa ya turo musu wata manhaja ta WhatsApp, ya ce nan take ake ba da bashi, babu jingina babu mai tsayawa. Da yake wayarta ce babba, da ita aka yi, da lambarta ta BVN, da hoton fuskarta. An ce an ba su naira 20,000, amma 15,000 ce ta shigo, wai sauran kuɗin aiki ne, wa'adi kuma kwana 7. Da wa'adin ya cika ba su biya ba, kullum sai a ɗora wani abu a kai, a rana ta 10 kuma aka fara tura hotonta ga duk lambar da ke cikin wayar.

Na tambaye ta sunan kamfanin, ta ce sunan da ke jikin manhajar daban, na asusun da ake cewa a biya daban. Na ce ina ofishinsu? Ba ta sani ba. Na ce wace hukuma ce ta ba su izinin ba da bashi? Sai ta ɗago kai ta dube ni ta ce: "Malama, ashe ba da bashi ma sai da izini?"

To 'yar uwa, wannan tambaya tata ita ce darasinmu na wannan wata.

Me ya shigo da hukuma cikin bashi?

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tun kaka da kakanni muna da hanyoyinmu na rufa wa juna asiri, kamar adashi, da biki, da rancen maƙwabta, muna kuma da waɗanda ake shiga don dole, kamar falle da manomi kan ci da damina ya biya da hatsi da kaka, da jinginar gona. Sai dai a can da, mai ba da bashi ɗan gari ne, an san gidansu, idan ya yi zalunci a kai shi gaban mai unguwa ko hakimi ko alƙali, kuma ko kunyar idon jama'a takan taka masa birki. Yau kuwa mai ba ki bashi yana iya kasancewa a Legas ko ma a wata ƙasa, bai san ki ba, ba ki san shi ba, ba ya jin kunyar kowa a Anka ko Gummi ko Bukkuyum. Abin da ya maye gurbin mai unguwa a irin wannan ciniki shi ne lasisi, wato takardar izini daga hukuma, wadda ake ba shi bisa sharuɗɗa, kuma a ƙwace idan ya saɓa.

Sa ido a kan kasuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa cusa hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya tarar da jiƙaƙƙe a ɓoye ƙarƙashin busasshe, ya tsawata masa. Daga irin wannan ne malamai suka fitar da aikin hisba. Haka nan aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, tana umarni da a rubuta shi, a yanka masa wa'adi, a kafa shaidu.

Ƙasashen da suka yi sake da wannan lamari sun ɗanɗana kuɗarsu. A jihar Andhra Pradesh ta ƙasar Indiya, kamfanonin ba da ƙananan basussuka sun yi ta ɗora wa matan karkara bashi a kan bashi, masu karɓar biya suna tsare su a ƙofar gida, har aka riƙa samun rahotannin masu kashe kansu, sai a watan Oktoba na 2010 gwamnatin jihar ta kafa dokar gaggawa ta tilasta wa kamfanonin yin rajista. A Amurka ma, bayan dillalan bashin gida sun cusa wa mutane bashin da ba za su iya biya ba, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, a 2008 aka yi dokar da ta wajabta wa duk mai shirya wa mutane bashin gida ya sami lasisi daga jiharsa ko ya yi rajista da hukumomin tarayya.

Ƙofofi uku

A nan Nijeriya, duk wanda ya mai da ba da bashi sana'a, ta ɗaya daga cikin ƙofofi uku ya kamata ya shigo.

Ƙofa ta farko ita ce Babban Bankin Nijeriya, wato CBN. Shi ke ba da lasisi ga manyan bankuna, da bankunan bashin gina gida, da ƙananan bankunan da ake kira maikrofainans, waɗanda su ne suka fi hulɗa da mu mata, musamman ta hanyar bashin ƙungiya da ake biya mako-mako. An ƙaddamar da tsarin waɗannan ƙananan bankuna ne a watan Disamba na 2005, suka maye gurbin bankunan al'umma da iyayenmu suka sani. Ba a ba kowa lasisi sai ya nuna jarinsa: mafi ƙanƙanta na karkara naira miliyan 50, na birni miliyan 200, mai aiki a faɗin jiha biliyan 1, mai aiki a ƙasa baki ɗaya biliyan 5. Kuma lasisin ba na har abada ba ne. A watan Satumba na 2010 Babban Banki ya sanar da soke lasisin ƙananan bankuna 224, ko da yake daga baya an yi wa wasu sassauci bayan sun ƙaro jari. A watan Mayu na 2023 ya sake soke na ƙananan bankuna 179 da bankunan bashin gida 4. Ashe ke nan takardar da kika gani rataye a bangon ofis tana iya kasancewa ta riga ta mutu. Abin dogara shi ne jerin sunayen da Babban Banki ke ajiyewa a shafinsa na intanet.

Ƙofa ta biyu ita ce hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, wadda aka kafa da dokar 2018. Ita ce ke da alhakin masu ba da bashi ta waya. A watan Maris na 2022 jami'anta sun kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, aka rufe musu asusun banki, a watan Agusta na shekarar kuma ta wajabta wa kowannensu ya yi rajista. A 2025 ta fitar da cikakkun ƙa'idoji, waɗanda suka tanadi tarar da za ta iya kaiwa naira miliyan 100 ko kashi 1 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara, tare da haramta wa shugabanninsa riƙe kamfani har tsawon shekara 5. Ita ma tana da jerin sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta.

Shi kuwa watsa hoton mutum da kunyata shi a gaban danginsa, laifi ne mai zaman kansa. Tun a watan Agusta na 2021 hukumar fasahar sadarwa ta NITDA ta ci wani kamfani mai suna Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar masu cin bashinsa, sannan a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan sirri na jama'a. Hatta kamfanin Google, daga ranar 31 ga Mayu 2023 ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa leƙa lambobi da hotunan da ke cikin waya, kuma dama ya haramta bashin da ake tilasta biya gaba ɗaya cikin kwana 60 ko ƙasa da haka. Wannan ne ya sa macuta suka koma turo manhajarsu ta WhatsApp ko ta saƙon waya. Saboda haka idan kika ga wa'adin kwana 7, kika ga manhaja na neman ki buɗe mata lambobinki da hotunanki, to kin ga alamun ɓarawo tun bai haura katanga ba.

Ƙofa ta uku ita ce gwamnatin jiha. Mutumin da ke ba da bashi da kuɗinsa na kansa, ba ya karɓar ajiyar kowa, yana ƙarƙashin dokar masu ba da bashi ne, wadda aka gada tun zamanin Turawa, daga baya ta koma hannun jihohi. A Legas alal misali, sai mutum ya sami takardar shaida daga kotun majistare sannan a ba shi lasisi, wanda kuma yake sabuntawa duk shekara. Haka su ma ƙungiyoyin gama kai, irin na malamai da ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwa, a wurin jiha suke yin rajista, kuma 'ya'yan ƙungiya ne suke ba bashi, ba duk wanda ya zo ba. Mu nan Zamfara muna da ƙarin wata gata, domin tun da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, kotunan shari'a na kusa da mu, kuma a ƙa'idar fiƙihu abin da mai bin bashi ke da haƙƙi a kai shi ne uwar kuɗinsa, ban da ƙari.

A nan sai ki yi hattara da wata dabara. Da yawa idan aka tambaye su izini sai su zaro takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, mai ɗauke da tambarin gwamnati. Wannan takarda kamar takardar haihuwa ce, tana nuna cewa an san da kamfanin ne kawai. Mai gidan burodi ma yana da ita. Ba ita ce izinin ba da bashi ko karɓar ajiya ba.

Abin da lasisi ke yi miki, da abin da ba ya yi

Amfanin farko shi ne kina da wurin kai kuka. Idan banki mai lasisi ya cuce ki, za ki fara kai ƙorafi wurinsa a rubuce, ki karɓi shaidar cewa ya karɓa. Idan mako biyu suka wuce bai warware ba, sai ki kai wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, wanda yake da reshe a Gusau. Na biyu, ƙa'idojin da Babban Banki ya fitar a 2019 sun wajabta wa banki ya bayyana miki duk abin da za ki biya a rubuce kafin ki sa hannu, sun kuma hana shi tsoratarwa da cin mutunci wajen karɓar bashi. Na uku, yawancin ƙananan bankuna sukan ce sai kin fara ajiya kafin a ba ki bashi. Idan bankin mai lasisi ne ya durƙushe, hukumar inshorar ajiya ta NDIC za ta biya ki. A 2024 ta ɗaga abin da take biya daga naira 200,000 zuwa miliyan 2 ga mai ajiya a ƙaramin banki, daga 500,000 zuwa miliyan 5 ga mai ajiya a babban banki na kasuwanci. Amma idan wurin wanda ba shi da lasisi kika zuba, ranar da ya rufe ƙofa sai dai ki rungumi ƙaddara.

To amma akwai abin da lasisi ba ya yi, kuma amana ce a kaina in faɗa miki. Lasisi ba ya halatta riba. Bashin da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ne, ko da tambarin hukuma goma ne a jikin takardar, kuma mun san irin gargaɗin da ya zo a kanta a ƙarshen Suratul Baƙara. Don haka mace musulma izini biyu take nema: na hukuma, da na shari'a. Alhamdu lillahi yanzu ana iya haɗa su. A 2011 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa, bankin Jaiz ya fara aiki a watan Janairu na 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, kuma doka ta wajabta wa kowannensu ya kasance yana da kwamitin malamai masu duba cinikinsa. Irin waɗannan bankuna sukan sayi keken ɗinki ko injin markaɗe su sayar miki da riba sananniya ki biya a hankali, maimakon su ba ki kuɗi da ruwa. Sai dai nan ma a kula, domin wasu sukan laƙaba wa harkarsu sunan Musulunci, su fara magana da bisimilla, alhali babu hukumar da ta san da su. Sunan Larabci ba lasisi ba ne.

Haka nan lasisi ba ya yafe miki bashi, hasali ma yana ƙara wa mai bin ki ƙarfi. Daga ranar 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya fara aiki da wani tsari wanda idan mai cin bashi ya sa hannu a kansa kuma ya kasa biya, bankin da ke bin sa yana iya bin lambarsa ta BVN ya cire kuɗin daga asusunsa na wasu bankuna. Ki dubi wannan da kyau. Idan kika ba miji ko ƙane ko ɗa lambarki ya ci bashi da ita, a wurin hukuma ke ce kika ci. Kuɗin adashinki, ko sadakin ɗiyarki da aka ajiye a asusunki, su za a kwashe. Haka idan kika shiga bashin ƙungiya kika tsaya wa mata tara, duk wadda ta gudu ke da sauran za ku biya mata.

Takardar gida da ta gona

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi ba ni tsoro. A 'yan shekarun nan babu wadda ba ta san gidan da aka jinginar da gona ko gida ba, wani don kuɗin fansa, wani don asibiti, wani don gyara abin da ambaliya ta rusa, kamar wadda ta auka wa Gummi a 2024. Mutumin da ke cikin irin wannan hali ba ya karanta takarda, duk inda aka nuna masa nan yake dangwalawa.

Ki sani cewa a dokar ƙasa ta 1978 mai kula da filaye, ba a jinginar da fili mai takardar shaidar mallaka ta gwamna sai da amincewar gwamna, wanda kuma ake riƙe da shi bisa al'ada sai da amincewar ƙaramar hukuma. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar bankin Savannah da Ajilo cewa jinginar da aka yi ba da amincewar gwamna ba ɓatacciya ce. Idan har banki guda bai tsira daga wannan doka ba, ina ga wanda ya rubuta yarjejeniya a takardar littafin ɗan makaranta a zauren gidansa?

A ɓangaren shari'a kuwa, jingina halal ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude a kan sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Amma malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin abu biyu da ake yawan takawa a ƙauyukanmu. Na ɗaya, sharaɗin cewa idan ba a biya rana kaza ba gida ya zama na mai kuɗi, sharaɗi ne ɓatacce. Abin da ake yi shi ne a sayar da kadarar ta hannun alƙali, mai bashi ya ɗauki haƙƙinsa, a mayar wa mai gida ragowar. Na biyu, wanda ya ba da rancen kuɗi ya karɓi gona jingina, bai halatta ya riƙa noma ta yana cin amfaninta kyauta har ranar da za a biya shi ba, domin rance ne da ya jawo amfani. Sannan idan gidan gado ne da ba a raba ba, babu wani yaya ko baffa da ke da ikon jinginar da rabonki ko na marayu ba da yardar masu haƙƙi ba. Kada kunya ta sa ki yi shiru, takarda ta fita daga gida a aljihun mutum ɗaya.

Ga waɗanda mazajensu ma'aikata ne, ku duba takardar albashi. Idan ana cire kashi 2.5 cikin 100 na asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, to ajiyarsa ce a bankin gidaje na tarayya, wato FMBN, kuma yana da haƙƙin karɓar abinsa idan ya yi ritaya. Bashin gidan da ake bayarwa daga asusun yana da ruwa kashi 6 cikin 100, don haka a tambayi malamai kafin a shiga. Duk wanda ya zo da fom yana cewa a ba shi kuɗi zai samo muku gidan gwamnati, ku tambaye shi wane banki yake wakilta, ku je bankin da ƙafarku.

Abin da nake roƙon ki

Na farko, kafin ki karɓi ko naira ɗaya, ki tambayi cikakken sunan kamfanin da hukumar da ta ba shi izini, ki sa ɗanki ko ƙanwarki mai karatu ta duba sunan a jerin Babban Banki ko na FCCPC. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Na biyu, ki nemi a faɗa miki lambobi uku a rubuce: nawa zai shigo hannunki, nawa za ki biya gaba ɗaya, kuma yaushe. Ɗalibata ta karɓi 15,000 za ta biya 20,000 cikin mako guda, wato sulusin kuɗin ya ƙaru a kwana 7. Wace sana'a ce a Anka ke kawo irin wannan riba?

Na uku, wayarki da BVN ɗinki da lambarki ta NIN amana ce. Idan maigida ya nema, ba rashin biyayya ba ne ki ce masa cikin ladabi: "Malam, bari mu fara bincika ko su wane ne." Mutuncin da za a zubar na gidansa ne.

Na huɗu, kada ki dangwala a takardar da ba a karanta miki ba, kuma kada ki bar wurin sai da kwafinki. Ko tsakaninki da 'yar uwarki ne, ku rubuta, ku kafa shaidu.

Na biyar, idan kin riga kin faɗa, kada ki ci wani bashin don biyan wannan, nan ne ramin yake zurfi. Ki adana duk saƙonnin da suka turo da shaidar duk abin da kika biya, ki gaya wa mijinki da wani babba da kika yarda da shi, a kai ƙara. Kuma ki tuna masu bashi suna cikin mutum 8 da Allah ya ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba cewa zakka ta halatta gare su, jiharmu kuma tana da Hukumar Zakka da Waƙafi. Neman haƙƙinki a can ba bara ba ne.

Na san za ku so jin yadda muka ƙare da ɗalibata. Matan ajin ne suka yi karo-karo muka haɗa 15,000 ɗin da ta shiga hannunta, muka biya, muka ajiye shaida. Mun duba sunan manhajar a jerin hukuma, babu shi. Muka rubuta ƙara muka haɗa da hotunan saƙonnin, aka goge manhajar daga wayar. Sun ƙara kwanaki suna kira suna zagi, daga baya suka yi shiru. Shugaban makarantarmu da kansa ya taka har gidan masu neman auren ya yi musu bayani, kuma alhamdu lillahi sun fahimta, maganar aure tana nan. Yaron ma ya warke. Amma hoton da ya riga ya shiga wayoyin mutane babu mai iya dawo da shi, kuma baiwar Allah nan da take zama a sahun gaba, har yau a can baya take rakuɓewa.

Daga wannan ne muka buɗe asusun rance a ajinmu. Kowace mace tana kawo naira 200 duk mako, muna da littafi, da ma'aji, da shaidu biyu, kuma abin da kika ara shi za ki mayar, babu ƙarin ko kwabo. Ba zai sayi gida ba, amma yana sayen jini da magani da tsakar dare. Ina ba kowace Islamiyya da kowace unguwa shawarar ta gwada, idan kuma ya girma har ya fara tara kuɗi masu yawa, a je a yi masa rajistar ƙungiyar gama kai, domin mu ma kada mu faɗa cikin abin da muke hana wasu.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya biya wa duk mai bashi bashinsa, ya wadata mu da halal ɗinsa ga barin haram. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu, inda za mu koma kan maganar 'yan matanmu.